Tarin Da Ke Bin Masu Gidanmu A Zangon Lome

Assalamu alaikum edita, da ku 'yan'uwa masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da ya sami mutane a wannan shafi, yau dai na ce bari in sauke nawa, ko Allah zai sa wani gida ya tsira da shi. Ku yi mini afuwa, ba zan kama sunan kowa ba, domin gidan da zan yi magana a kansa har yau a cikinsa nake zaune.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina sayar da atamfa da mayafai a babbar kasuwar Lome, kullum ɗan zemijan ya kai ni a babur ya dawo da ni. Haifaffiyar Zango ce ni, uwata ma a nan aka haife ta, kakanninmu ne suka zo daga Arewa da fatauci suka zauna. Duk unguwa an san ni da hali guda, wato tambaya. Uwata takan ce ni ko gawa aka shimfiɗe sai na tambayi wanda ya ɗinka likkafanin. Ba gulma ba ce, Allah ya sani. Ni dai in abu bai zauna mini a kai ba, to sai na bi shi har inda ya ƙare, ko da za a zage ni. Mijina kuwa mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Tunda nake tare da shi ban taɓa jin ya musa wa mahaifiyarsa ko yayansa magana ba.

Gidan da na yi aure gidan saukar baƙi ne tun zamanin kakan mijina. Da can fataken goro da shanu ke sauka, a zamaninmu kuma masu kawo albasa daga Nijar a manyan motoci, da masu zuwa sayen mota a tashar jiragen ruwa. A ba baƙo ɗaki da abinci, maigida ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Baƙo yakan bar kayansa a hannun maigida ya koma garinsu, babu takarda babu shaida, amana ce kawai da ganin maigida a tsaye da ƙafafunsa. Saboda haka gidan yana da wata doka: baƙo ba ya ganin maigida a kwance. In ciwo ya yi nauyi sai a shigar da shi ɗakin ƙurya, wanda ba shi da taga sai ƙofa guda, a ce wa baƙi ya yi tafiya Kumasi. Mutum ɗaya ne ke ɗaukar tabarmarsa ya shiga jinya, shi ne wanda zai gaji riƙon gidan. Shi zai ba shi abinci, ya yi masa alwala, ya kwana kusa da shi, a nan ne kuma maigida ke sanar da shi al'amuran baƙi baki da baki, wane ya ajiye me, wane mai gaskiya ne, wane sai an sa masa ido. Mu mata namu shi ne mu ajiye kwano a bakin ƙofa mu juya.

A shekarar da nake ba ku labari yayan mijina ne maigida, duk gidan Yaya muke ce masa. Mutum ne mai fara'a da son mutane, in ya yi dariya a zaure har a madafa muna ji. Bayan ƙaramar salla ya fara wani tari. Aka ce sanyin damina ne, aka dafa masa citta da kanumfari. Tari ya ƙi tafiya. Ya fara ramewa, babbar riga ta koma tana yi masa lilo a jiki, matarsa ta raɗa mini cewa kullum sai ta sauya zanin gado saboda gumi. Ranar da aka ga jini a tsummansa, Hajiya, wato surukata, ta sa aka share ɗakin ƙurya. 'Ya'yan Yaya duk mata ne, don haka mijina ne ya naɗe tabarmarsa ya bi shi. Ina tsaye ina kallo aka ja ƙofa.

Kwanaki kaɗan bayan haka wata tsohuwa ƙawar Hajiya ta shigo, ta kalli ƙofar nan, ta girgiza kai, ta ce to, tarin gidan ya dawo. Kalmar nan ta "dawo" ita ta tsaya mini a rai. Na san surukina da tari ya rasu, ina amarya a lokacin, kuma Yaya ne ya yi jinyarsa a ɗakin. Amma ban taɓa sanin an yi wasu kafin shi ba. Wane irin tari ne wannan da ya san hanyar gida? Me ya sa ba ya taɓa mu mata, ba ya taɓa baƙi, sai maigida? Tambayoyi suka cika mini kai, tsoro kuma ya biyo bayansu. In dai maigida yake bi, to bayan Yaya mijina ne. Bayan mijina kuma ɗana na fari, saurayi da ya gama makaranta ya fara koyon aikin baƙi a zaure.

Hajiya na fara tambaya, cikin ladabi, ina matsa mata ƙafa. Ta ce sammu ne. Wai wani mai saukar baƙi a tsohon Zango ne ya yi hassadar kakan mijina, ya je Akodesewa wurin masu tsafi ya sayo abu, aka binne a bakin ƙofar gida, tun daga nan duk wanda ya riƙe gidan sai ƙirjinsa ya ruɓe. Maganinsa rubutu da turare, kuma a toshe duk wata kafa don kada iska ta shiga ta ƙara masa ciwo. Wallahi da farko na yarda. Ni da kaina na sayo turaren wuta mai tsada, ni na yayyaga tsohon zanina na cusa a ƙarƙashin ƙofar, ina ganin taimakon mijina nake yi. Sai wata rana ina zaune a rumfata ina auna wa wata mata atamfa, tunani ya faɗo mini. Ai tsohon Zango hukuma ta tashe shi tun uwata tana budurwa, katafila ta baje gidajen, yau dogayen gine-gine ne a wurin. Surukina kuwa a wannan sabon gida ya rasu. To layar da aka binne can, mota ta hau ta biyo mu? Da na dawo na tambayi Hajiya haka, kai, ranar na sha wankin babban bargo. Ta ce bakina ne zai kashe ni, in tashi in ba ta wuri.

Na ba ta wuri, amma tambayar ba ta ba ni wuri ba. Akwai wata gwaggon mijina, ƙanwar surukina, da ke zaune a Adidogome wurin 'yarta. Idonta ya tafi amma kanta garau. Na sayi goro da sabulu na tafi gaishe ta. Da na kawo zancen, ta ce Hajiya ba ta san komai ba, ai auro ta aka yi. Ba sammu ba ne, a jini yake, gado ne kamar yadda ake gadon cindo, kuma maza kawai yake bi. Na ce ta lissafo mini su. Ta ce na farko mahaifinta, kakan mijina, sai Bazabarmen Baba, sai yayanta wato surukina. Na ce tsaya Gwaggo, wane ne kuma Bazabarme? Ta ce wani yaro ne da wani falke ya bari a gidan, mahaifinta ya rene shi har ya zama hannun damansa. Da mahaifin ya kwanta 'ya'yansa ba su kai ba, sai Bazabarmen ya ɗauki tabarma ya shiga. Shi ya riƙe gidan bayansa, kafin shi ma tarin ya ɗauke shi. Na ce to Gwaggo, mutumin da ba ku haɗa ko kakan kaka ba, ta ina ya gaji jininku? Ta tauna goronta, sannan ta ce ƙila gashin kyanwa ya haɗiya, ni dai na cika tone-tone.

Amma bakinta ya riga ya buɗe, sai ta ci gaba da kanta. Ta ce a tsohon Zango wannan ciwo ba gidanmu kaɗai ya ci ba. Gidaje ne a cunkushe, ɗaki guda mutum nawa-nawa, lungu kuwa sai ka karkata kafaɗa za ka wuce. Ba a kiran sunansa, sai dai a ce wane ya bushe. Ta tuna wani tela da yaransa biyu da ke aiki a wani ɗan shago na kwano, su kwana a ciki, ɗaya bayan ɗaya aka fitar da su. Ta tuna ƙawarta da ta yi jinyar uwarta, aka yi mata aure, ba ta ga haihuwarta ta biyu ba. Ta ce wani lokaci makara ba ta bushewa daga wanki sai an sake zuwa ɗaukarta. Kowane gida da abin da yake ɗora wa laifi, wasu su ce iskar teku, wasu su ce maita, kuma kowa yana ɓoye nasa don kada a ƙi auren 'ya'yansa. Ina sauraronta kunnena a buɗe. Har na miƙe zan tafi ta ce, cikin tsaki, in ina son ganin wanda Allah ya bar wa dogon kwana a banza, in je Baguida in ga babban yayansu da ya gudu ya bar gida.

Ban taɓa jin surukina yana da wa ba. A gidanmu ba a ambatonsa. Na bar rumfa a hannun maƙwabciyata na ce zan je sayen busasshen kifi, na nufi Baguida, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan tsohon Bahaushe mai mata 'yar ƙabilar Mina. Ikon Allah! Na tarar da tsoho tukuf a gindin kwakwa, amma ƙirji a buɗe, murya kamar ta ladan. Da na faɗi ko ni wace ce, ya tuntsire da dariya, ya ce yau kuma Zango ta tuna da shi, wa ya mutu? Na ce ba wanda ya mutu tukuna. Nan dariyar ta tsaya. Ya ce ashe an sake shiga ɗakin. Ya ba ni labari cewa lokacin da Bazabarmen ya kwanta, shi ne babba, shi aka miƙa wa tabarma, kuma ya shiga. Amma shi saurayi ne mai son ƙwallo da bakin teku, duhun ɗakin da hayaƙin turare suka ishe shi, 'yan kwanaki kaɗan ya yi ya fito da sunan zuwa masallaci, bai koma ba. Ƙaninsa, surukina, shi ya ɗauki tabarmar. Dangi suka yafe shi, shi ma bai ga laifinsu ba. Yana faɗa yana murmushi, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce shi dai abin da ya sani, ƙaninsa ya mutu a madadinsa, amma har yau bai san me ke cikin ɗakin nan ba.

A kan babur ina komowa na yi ta jera abin a raina. Ba gini ba ne, tunda an sauya gida. Ba jini ba ne, tunda ya ɗauki bare ya bar ɗan gida. Duk wanda ya ɗauka, sai da ya daɗe a rufe tare da mai tarin. Har na ji kamar in yi ihu don murnar na gano. Amma wani abu ya sake ɗaure mini kai. Surukina ya yi shekaru da yawa lafiya lau bayan jinyar Bazabarmen, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya je Makka. Yaya ma haka bayan jinyar mahaifinsa. Wane ciwo ne zai kama mutum ya zauna yana jiransa shekara da shekaru? Mura ma kwana nawa take yi ta nuna kanta? Sai na ce a raina ƙila ni ce ke shirme, na ja bakina na yi shiru, kwanaki suna ta wucewa mijina yana ciki.

Ranar da na kai autana rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikaciyar da ke wurin 'yar Mina ce mai sayen atamfa a hannuna, mun saba wasa da dariya. Na ce mata ina da tambaya a kan wasu maƙwabtanmu, na kwashe labarin na faɗa mata. Ta ajiye allurar ta zuba mini ido. Ta ce wannan ai tarin fuka ne, wanda ake ce wa tibi. A iska yake tafiya in mai shi ya yi tari, kuma babu inda ya fi so kamar ɗaki rufaffe da rana ba ta shiga. Ta ce yana iya shiga jikin mutum ya kwanta shiru shekaru masu yawa, sai girma ya zo, ko ciwon suga, ko wahala ta raunana jiki, sannan ya farka. Wallahi duk da tsoron da nake ciki sai da na ce ashe! Abin da ya hana ni sakat ke nan, ga shi ta warware shi a numfashi guda. Ta ce yana da magani, ana sha wata da watanni, kuma ba a biyan komai. Sannan ta ce in daina yi mata ƙaryar maƙwabta, in je in kawo su duka biyun, mai ciwon da mai jinyar.

Mijina yakan fito ranar Juma'a don baƙi su gan shi. Na tare shi a ɗakina yana sa riga, na faɗa masa komai tun daga Adidogome har asibiti. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce yanzu so nake ya fito da Yaya a gaban baƙi, kowa ya kwashe kayansa, gidan da ke ciyar da mu duka ya rushe a hannunsa? Ya ce in yi haƙuri, haka iyaye suka yi. Yana juyawa zai fita sai ya yi wani ɗan busasshen tari, sau biyu. Na ce wannan tarin fa? Ya ce kada in damu, hayaƙin turare ne. Na je wa Hajiya, ta ce in na kuskura maganar ta fita zaure, to in haɗa kayana.

Akwai wani dattijo mai kawo albasa daga Nijar, tun zamanin surukina yake sauka a gidan, Baba muke ce masa. Wata rana da azahar na karɓi kwanonsa na kai masa da kaina. Muka gaisa, sai ya tambaya kamar yadda ya saba, ko Alhaji, wato Yaya, ya dawo daga Kumasi. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce Baba, Yaya ba ya Kumasi, yana ɗakin ƙurya yana mutuwa, mijina kuma yana bin sa. Na jira ya zabura. Ko gezau bai yi ba. Ya rufe kwanon a hankali, ya ce 'yata, ai mun sani. Ya ce bangon ɗakin baƙi na ƙarshe shi ne bangon ɗakin ƙurya, duk tarin da ake yi suna ji, na surukina ma da kunnensa ya ji shi har ya ƙare. Ya ce tun iyayensu, in aka ce maigidan nan ya tafi Kumasi, baƙi sun san abin da ake nufi, kuma suna tambayar dawowarsa ne don su rufa wa gidan asiri. Babu wanda ya taɓa ɗauke ko buhu guda saboda haka. Su a zatonsu ana yi masa magani a ciki. Ya ce ɗansa na cikinsa ya yi irin wannan tari, aka yi masa magani a asibitin garinsu, yanzu shi ke tuƙa masa mota. Sau da yawa ya so ya yi magana, amma ta yaya baƙo zai dubi mai masaukinsa ya ce na san abin da kake ɓoyewa?

Zama na yi a ƙasa daɓas. Wato mu muna kunyar baƙi, baƙi suna kunyarmu, maza uku suka tafi a tsakanin kunyar nan, ga na huɗu a hanya. Na ce Baba, don girman Allah ka yi wani abu. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya yi sallama ya ratsa tsakar gidan mata, abin da baƙo bai taɓa yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya kira sunan Yaya da ƙarfi, ya ce ya zo duba jikinsa. Can sai ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya fito, mijina ya fito yana kare ido daga rana. Da aka ɗauko Yaya ban gane shi ba, mijina shi kaɗai ya ɗauke shi kamar yaro. Wani baƙon ya kawo motarsa. Hajiya tana kuka tana nuna ni, tana cewa na tona wa ɗanta asiri.

A asibiti aka gwada majinarsa aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce shi ne, amma an makara ƙwarai, ya cinye huhun. An fara masa magani duk da haka. Baƙi suka riƙa zuwa suna tsayawa ta taga suna yi masa sannu, yana ɗaga musu hannu. Mijina ya ce wata rana Yaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tambaye shi ko da gaske tun farko sun sani. Da ya ce masa e, sai ya juya fuskarsa bango. 'Yan makonni ya yi Allah ya karɓi abinsa. Aka gwada mu duka gidan. Mu da yara lafiya, aka dai ba ƙananan yara maganin kariya. Mijina kuwa aka ce yana da shi, amma an kama shi da wuri.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Ina! Bayan an share makoki, mijina ya zama maigida, kuma ga shi da ciwo. Da hantsi na fito na ga an share ɗakin ƙurya, turare yana tashi. Hajiya ta kira ɗana ta miƙa masa tabarma. Kada ku ɗauke ta muguwa, mace ce da ta binne miji ta binne ɗa, kuma hanyar nan kaɗai ta sani ta riƙe gida. Ni mai bakin nan, ranar bakina ya mutu. Ɗana ya karɓi tabarmar da hannu biyu yana kallon ubansa. Sai mijina, wanda bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba, ya durƙusa a gabanta ya ce ta gafarce shi. Ya miƙe ya zare tabarmar daga hannun yaron, ya shimfiɗa ta a gindin mangwaron tsakar gida, daidai inda duk mai leƙowa daga zaure zai gan shi, ya kwanta. Ya ce wa ɗanmu ya ɗauki kujera ya zauna can nesa inda iska ke kaɗawa, duk abin da ya kamata ya sani game da baƙi zai faɗa masa da babbar murya. Hajiya ta shige ɗakinta ta rufo ƙofa.

Watannin magani ba su zo da sauƙi ba. Ƙwayoyin suna sa shi tashin zuciya, fitsarinsa ya koma ja kamar manja har ya tsorata, sai da aka ce masa haka maganin yake yi. Da ya fara jin ƙarfi ya ce ai ya warke, zai daina. Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, na ce ko ya sake ni sai ya shanye na ƙarshe. Wasu baƙi matasa sun koma wani gida, ba zan ɓoye ba, amma manyan duk suka zauna. Hajiya kuwa har ta koma ga Allah tana kan cewa asibiti ne ya ƙarasa ɗanta kuma ni na kai shi. Ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba. Wannan yana yi mini ciwo har yau, domin ina ƙaunarta.

Abin da na fi nadama shi ne makonnin da na ɓata ina yawon tambayar yadda matattu suka mutu, alhali mai rai yana bayan bango, kuma asibiti yana nan kusa da mu. Da can na fara kai tambayata, wataƙila da labarin ya sauya. Na koyi cewa tambaya ba rashin kunya ba ce, amma a kai ta inda amsa take, kuma a yi sauri. 'Yan'uwa, tarin da ya wuce mako biyu, ga rama ga gumi, ba na citta ba ne kuma ba na turare ba ne. Ku kai mutum a gwada shi, ku bar iska da rana su shiga ɗakinsa, a gwada mai jinyarsa, kuma in an fara magani a kai shi ƙarshe. Ku tambayi tsofaffinku me ya kashe na gaba, kada ku yarda da "haka muka tarar" kawai. Ciwon da kuke ɓoyewa kuwa, ku sani maƙwabta suna jin sa, kunyarku ce kawai ta hana su magana.

Mijina yana nan da ransa, gemu ya yi fari fat, ɗanmu kuma bai taɓa yin wannan tari ba, ga shi da nasa 'ya'yan. Bara aka ɗaura auren autar Yaya, mijina ne ya zauna a matsayin uba ya ba da ita. Da aka shafa fatiha ya shigo cikin gida da babbar rigarsa, ya zauna a bakin gadona ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce wurin nan da ya zauna yau na Yaya ne, kuma ƙwayar da ake bayarwa kyauta ce ta raba su. Na dafa kafaɗarsa. Don Allah, in akwai mai tari a bayan wata ƙofa a gidanku, ku ajiye wannan mujalla ku je ku buɗe ta.